Tsakanin Hunturu da Bazara: Nazari a Kan Rigar Sanyi da Sunayenta a Arewacin Yobe

1.0 Gabatarwa

Wata asuba a ƙarshen watan Fabrairu na hau bayan a-kori-kura daga Kumagannam zan tafi Nguru. Ina sanye da wani jibgegen jaket mai gashi a wuya, wanda na saya a wurin 'yan gwanjo da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Da muka tashi kowa na rawar ɗari, ni kuwa ina ta jin daɗi. Kafin azahar labari ya sha bamban. Gumi ya jiƙe ni sharkaf, na tuɓe shi na rasa inda zan sa, haka na wuni ina yawo da shi a hammata. Wani dattijo da muka zo tare, wanda ya riga ya ninke gwadonsa ya ɗora a kafaɗa, ya dube ni ya ce, "Samari, ai wannan rigar ba don ƙasarmu aka ɗinka ta ba." Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

Maganar dattijon nan ce ta haifar da wannan maƙala. Manufarta ita ce duban yanayin da ke tsakanin hunturu da bazara, da tufafin da suka dace da shi, da kuma abin da sunayensu za su koya wa ɗalibin harshe.

2.0 Yanayin Wurin

Kumagannam tana cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, arewa da Nguru da Gashuwa, ta wajen iyakar Nijar. Ƙasa ce ta rairayi, kuma rairayi yakan ɗau zafi da wuri, ya kuma sake shi da wuri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan kaɗo daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar Sahara, musamman ta kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Da yake iskar busasshiya ce, babu gajimaren da zai tare ɗumin ƙasa da dare. Saboda haka a tsakiyar hunturu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, ya kai wajen 30 da rana. Zuwa Afrilu kuwa yakan haura 40.

Makonnin da ke tsakanin ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Maris su ne masu rikitarwa. A lokacin rana ta fara cizo, amma asuba ba ta saki sanyinta ba. Wato wuni guda yakan ƙunshi yanayi biyu, safiyarsa hunturu, azaharsa bazara.

Nan akwai darasin fassara. Sau da yawa akan fassara kalmar Ingilishi ta spring da bazara, don dukansu suna faɗowa daga Maris zuwa Mayu. Amma a Ingila lokacin ne da sanyi ke ja da baya, ganye ke tohowa, ana yayyafi jefi-jefi. Bazarar Bahaushe kuwa ita ce ƙololuwar zafi kafin saukar damina. Watanni sun yi daidai, ma'ana ta saɓa. Mai fassarar da ya rubuta "rigar sanyin bazara" ya bar mai karatu a Gashuwa cikin mamaki.

3.0 Sanyi da Ɗari

Matasa da yawa suna amfani da kalmomin nan biyu tamkar abu guda, alhali tsofaffin ƙamusoshi irin na Bargery na 1934 sun rarrabe su. Ɗari shi ne busasshen sanyin da iska ke kawowa, mai fasa leɓe, mai sa kaushi da faso. Sanyi kuwa ya fi faɗi, ya haɗa da mai danshi, irin na damina ko na bakin ruwa. Masuncin da ya yi sammako a tafkin Nguru, ko mai lambu a bakin kogin Yobe a Gashuwa, ya san sanyi mai laima. Mutumin Kumagannam da ke kan tudun rairayi ɗari ne abokin gabarsa. In iskar ta tsananta har tana ratsa ƙashi, sai a ce jaura.

Wannan bambanci yana da amfani wajen zaɓen tufa. Ɗari iska ce, don haka abin da ake buƙata shi ne wanda zai tare iska, ba lallai sai mai kauri ba.

4.0 Dabarar Magabata

Idan muka dubi suturar gargajiya za mu ga kusan duk wadda aka tanada don sanyi ana iya rage ta ba tare da an tuɓe ba. Gwado da luru saƙar auduga ne, a yafa da safe, a ninke da hantsi. Bargo na kwanciya ne da zaman hira. Babbar riga in ana ɗari a saki hannuwanta su rufe jiki, in rana ta yi a saɓa su a kafaɗa iska ta shiga. Hular haɓar-kada tana da kunnuwa biyu, a sauke su a rufe kunne, ko a ɗage su sama. Rawani yana da amawali da ake ja a rufe baki da hanci saboda ƙura. Mata kuma suna da mayafi da zanen yafawa. Dabarar dai guda ce: tufa a kan tufa, ana ragewa da kaɗan-kaɗan yadda rana ke ɗagawa.

5.0 Baƙin Tufafi da Baƙin Kalmomi

Kalmomin sutura suna nuna hanyoyin da kayan suka biyo. Rukunin farko ya zo ta Larabci, kamar alkyabba da jabba da kaftani. A alkyabba da aljihu, Bahaushe ya aro kalma har da al- ɗinta, ya mayar da su abu guda, kamar yadda ya yi wa alƙalami da albasa.

Rukuni na biyu ya zo ta Ingilishi, bayan zuwan Turawa. A yankinmu layin dogo daga Kano ya iso Nguru a 1930, ya zama hanyar fitar da gyaɗa da fatu da ƙaro, da kuma shigo da kayan kanti. A wannan rukuni akwai abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya lura da su:

(a) Raba baƙaƙe. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere, don haka sweater ta zama suwaita. A singileti ma an saƙa wasali a tsakiya, an kuma ƙara wani a ƙarshe.

(b) Sauyin wasali. Dogon wasalin o ba ya zama a rufaffiyar gaɓa. Sai ya koma a, ya bar alamarsa a kan baƙin da ya gabace shi. Ta haka coat ta zama kwat, kamar yadda aka sami kwal da kwalta da kwas.

(c) Mahaɗi. Suwaita ta ƙare da a, sai ta shiga jinsin mace, ana cewa suwaitar Audu, suwaitata. Kwat da jaket kuwa sun ƙare da baƙi, ba su da inda -n ko -r za ta maƙale, sai a nemi taimakon ɗin: kwat ɗin malam, jaket ɗina.

Bayan aro akwai ƙirƙira: rigar sanyi, hular sanyi, rigar ruwa. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana. Gwanjo asalinsa cinikin da ake yi wa kaya ƙari-ƙari har mai tsada ya ɗauka, yau kuwa da an ce gwanjo tufafin da aka taɓa sawa ne ke zuwa zuciya, irin waɗanda ake fasa dilolinsu a Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ƙananan 'yan kasuwa su saro su kai ƙauyuka.

6.0 Yadda Za a Zaɓa

Yawancinmu ɗalibai riga ɗaya aljihunmu zai iya, don haka kuskure a nan asara ce ta shekara. Ga abin da na koya bayan tawa asarar:

1. A nemi mara nauyi, wanda za a iya ninkewa a sa a jaka. Mai cike da soso an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara.
2. Ya kasance mai buɗewa ta gaba, da zif ko maɓallai, don a rage zafi ba sai an cire ba. A ja zif ɗin sama da ƙasa kafin a biya.
3. A duba hannu. In ba zai naɗu ya wuce gwiwar hannu ba, to kullum sai an tuɓe shi wajen alwalar asuba, lokacin da aka fi buƙatarsa.
4. Yadi mai matsattsiyar saƙa, kamar auduga mai ƙarfi ko jins, yana tare iska kuma jiki na shan iska a ciki. Mai kama da leda yakan tara gumi da hantsi ya yi.
5. Baƙi yana nuna ƙura yana kuma jan zafi, fari ba ya jure hazo. Ruwan ƙasa da ruwan toka sun fi rufa asiri.
6. A karanta rubutun da ke jiki. Ba girman ɗalibin harshe ba ne ya shiga masallaci da kalmar da bai san ma'anarta ba a ƙirji.
7. A wanke, a shanya a rana kafin a sa.

Wajen sawa kuma, a dubi abin da ke ƙasa. Gajeren jaket ya fi dacewa da shat da wando, ko jamfa. A kan dogon kaftani falmaran ta fi kyau, ko a sa siririyar suwaita daga ciki, ɗinkin wuya ya fito sarari. Wanda zai sa babbar riga ba ya ɗora mata komai, a ciki ake ɓoye kariyar. 'Yan'uwa mata kuma suwaita mai maɓallai a ƙarƙashin hijabi ko mayafi ta wadatar, in rana ta yi a zare ta cikin sauƙi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa jaket baƙo ne, kuma harshe ya gyara sunansa kafin ya karɓe shi. Haka ya kamata mai saye ya yi, ya auna shi da yanayin garinsu kafin ya zura hannu a aljihu. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma hakan bai ce a manta da tsohon kiɗa ba. Yara da yawa a yau sun san jaket, ba su taɓa jin luru ko amawali ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na yankin Nguru da Gashuwa, duk wanda ya je hutu ya zauna da dattawa ya rubuto sunayen tufafin sanyi da na iskoki, na Hausa da na Manganci da Badanci da Fillanci, mu kwatanta su a aji. Allah ya sa mu dace.