Gyaran Fuskar Dandalin Aiki Tare: Misalin SharePoint

Gabatarwa

Dandalin aiki tare manhaja ce da kamfani ko hukuma kan girka domin ma'aikata su riƙa ajiye takardunsu wuri guda, su gyara su tare, a kuma san wanda ya taɓa kowace takarda da lokacin da ya taɓa ta. Fuskar dandali kuwa ita ce duk abin da idon ma'aikaci ke gani idan ya shiga, wato launuka da tambari da maɓallai da kalmomin da aka rubuta a kansu. Da wuya a sami kamfanin da zai bar fuskar nan yadda ta zo, don haka akan ɗora wa masu rubuta manhaja aikin gyara ta. Wannan darasi zai ɗauki SharePoint, wanda kamfanin Microsoft na Amurka ya fara fitarwa a 2001, a matsayin misali, saboda tarihinsa ya nuna iyakar da ya kamata gyara ya tsaya. Daga nan sai a dubi inda aikin ya shafi masanin harshe.

Yadda Hanyoyin Gyara Suka Sauya

A fitowar 2007 an sakar wa masu rubuta manhaja mara. Akwai wani shafi da za a iya kira uwar shafuka, wanda sauran shafuka ke gadon tsarinsu daga gare shi, kuma suna da damar sake shi yadda suka ga dama. Haka nan suna iya girka umarnin da suka rubuta a cikin uwar garke kanta, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da dandalin, da cikakken iko. Sakamakon haka kuskuren mutum ɗaya na iya durƙusar da dandalin kamfani baki ɗaya.

Akwai kuma wata illa da ba ta bayyana sai bayan shekaru. Shafin da aka gyara da manhajar SharePoint Designer yakan rabu da asalinsa, a adana kwafinsa daban a rumbun bayanai. Duk ingantawar da Microsoft ya yi wa asalin daga baya ba ta isa ga wannan kwafi. Ranar da kamfani ya tashi komawa sabuwar fitowa, sai ya tarar ko dai ya sake biyan kuɗin aikin daga farko, ko ya zauna a kan tsohuwar fitowa har a daina toshe mata kafofin da ɓarayin bayanai ke bi. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin takardun albashi da na kwangila ne aka jefa cikin haɗari saboda launi da tambari.

A 2010 aka fara taka birki. An ware wa umarnin masu gyara wani killataccen wuri, aka kuma ba kowane rukunin shafuka maki 300 a rana, idan suka ƙare a tsayar da umarnin sai washegari. Bayan fitowar Office 365 a 2011, kamfanoni da dama suka koma amfani da dandalin ta intanet a kan na'urorin Microsoft, tamkar 'yan haya a gida ɗaya, ɗan haya kuwa ba ya rushe bango. Fitowar 2013 ta zo da hanyar gudanar da umarni a wajen uwar garke, a 2016 kuma aka daina gudanar da umarni a killataccen wurin nan a dandalin intanet. A watan Fabrairun 2017 aka fitar da SharePoint Framework, inda umarni ke gudana a burauzar ma'aikaci, da gwargwadon ikon da shi ma'aikacin yake da shi. Sababbin shafuka ba su karɓar gyararriyar uwar shafuka. An dai bar wasu gurabe sanannu, kamar saman shafi da ƙasansa da layin maɓallai, inda mai gyara zai sa abin da ya ƙera. Hannunsa ya ɗauru fiye da da, amma aikinsa ya fi daɗewa.

Rabon Masanin Harshe

Wannan ƙa'ida ta raba abin da aka ƙara da ainihin gini ita ce kuma ke aiki a kan kalmomi. Ƙwararren mai rubuta manhaja ba ya cusa kalmomin fuska cikin umarni. Yakan ware su a fayil daban, kowane harshe da nasa, kowace jimla da sunan da ake kiran ta da shi. Wannan fayil ne ake miƙa wa mai fassara, sau da yawa ba tare da ya ga shafin da jimlolin za su hau ba.

Matsala ta farko ita ce jinsi. Ingilishi na tambayar mai amfani da lamiri ɗaya, Hausa kuwa dole ta zaɓi "kana so ka goge" ko "kina so ki goge", alhali manhaja ba ta san wanda ke zaune gabanta ba. Mafita ita ce lamirin da bai ambaci kowa ba, a ce "A goge wannan takarda?", a kan maɓalli kuma a sa tsuran umarni kamar "Adana" ko "Aika". Jinsin abin da ake magana a kai ma yakan kawo cikas. Idan mai manhaja ya yanka jimla biyu ya bar gurbin suna a tsakiya, mai fassara ba zai san ko "an goge shi" zai ce ko "an goge ta" ba, tunda fayil namiji ne, takarda kuwa mace. Haka adadi: a Ingilishi yana gaban suna, a Hausa yana bin baya, kamar "takardu 5". Saboda haka wajibi ne a ba mai fassara cikakkiyar jimla da gurbin da zai iya matsarwa.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Dukkansu suna cikin tsarin Unicode, sai dai ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. Kamfani kan zaɓi salo don ya dace da tambarinsa, sai harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, ko ya fito ɗan akwati. Ma'aikata su gaji su watsar da lanƙwasar, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Daga nan wanda ya nemi takarda da rubutun daidai yana iya rasa wadda aka ajiye da gurɓataccen rubutu. Gwada haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, kafin a amince da salon rubutu ba ya cin minti biyar.

Jinga

1. Me ya sa shafin da ya rabu da asalinsa yake zame wa kamfani nauyi lokacin komawa sabuwar fitowa?
2. Ɗalibi ya tsara saƙonni biyar da manhaja za ta iya nuna wa ma'aikaci, ba tare da ya yi amfani da "ka" ko "ki" ba.