MURJANI DA LEDAR RUWA: DARASI DAGA BAKIN KUBANNI

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ranar Juma'ar da ta wuce an yi ruwa mai ƙarfi a nan Kongo. Da muka fito daga masallaci sai na tarar kwata ta toshe, ruwa ya haye titi, ledar ruwan sha tana yawo a kai kamar an watsa. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma da ruwan leda na yi alwala da safe, kuma a ƙasa na yar da ledar. Sai na yi shiru. Dalilin wannan rubutu ke nan.

A cikin Suratur Rahman, Allah Ya ambaci lu'ulu'u da murjani cikin ni'imomin da ake fitarwa daga teku. Malaman tafsiri sun yi saɓani: wasu suka ce murjani ƙananan lu'ulu'u ne, wasu suka ce jan dutsen adon nan ne da iyayenmu mata suke ratayawa a wuya. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne murjani dabba ce mai rai. Ƙananan halittu ne da suke gina wa kansu gida mai tauri a ƙarƙashin ruwa. Wasu danginsu suna haɗuwa su yi tsauni guda, kifaye su zauna a ciki su hayayyafa. Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku da su suka dogara.

A 2018 wata masaniyar halittun teku, Joleah Lamb, da abokan aikinta suka fitar da bincike a mujallar Science. Sun duba murjani wajen 124,000 a wurare 159 a Indonesiya, Tailan, Myanmar da Ostiraliya. Wanda roba ba ta taɓa shi ba, yiwuwar ya kamu da cuta kashi 4 ne cikin 100. Wanda roba ta maƙale masa kuwa, kashi 89. Leda tana yanka jikinsa, ta tare masa haske da iska, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa.

Wani zai ce: Malam, ina ruwan Bazazzagi da teku? To ai ruwa tafiya yake yi. Kwatarmu tana gangarawa Kubanni, Kubanni ta shiga Galma, Galma ta shiga kogin Kaduna, Kaduna ta shiga kogin Kwara, shi kuma ya zube a tekun Atlantika. Wani bincike da aka yi a Jamus a 2017 ya sa Kwara cikin koguna goma da suka fi kai roba teku. Ban ce ledarmu ce ta kashe murjanin Indonesiya ba, tasu ce. Amma hali ɗaya ne, kuma tamu ma tana da inda take sauka.

Ba ma sai mun je nesa ba. Da ruwan Kubanni ake noman rani, latas da kabejin da muke ci. Ka tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuya da saniya. Kwatar da ta toshe kuma gidan sauro ce, 'ya'yanmu ne suke kwana da zazzaɓi.

Ga darussa uku.

Na ɗaya: aya ta 41 a Suratur Rum tana danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku ga aikin hannun mutane. Asalin maganar a kan saɓo ne, amma cutar da bayin Allah ai saɓo ne.

Na biyu: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu. Wanda aka hana wannan, yaya zai jira hadari ya haɗu ya juye kwandon shara a kwata?

Na uku: a hadisin Muslim, kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Idan ɗaukewa imani ne, zubarwa fa?

Saboda haka ga roƙona. Kowane masallaci ya ajiye buhu a wurin alwala don ledar ruwa. Mai iko ya koma buta. Matasan kowane layi su ware safiyar Asabar su yashe kwata kafin ruwa na gaba, mu limamai mu fara fita da shebur. Ni na riga na rataye buhu a namu, na kuma gaya wa ɗalibaina duk wanda ya ga na sake yar da leda ya yi mini magana a gaban jama'a.

Allah Ya yafe mana abin da muka ɓata, Ya ba mu ikon gyarawa. Wallahu a'alam.