Darasi na Goma Sha Huɗu: Ciwon Kai, Harshe da Maƙogwaro Bayan Wahala

Duk ranar da ƙungiyar Wikki Tourists ta buga ƙwallo a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, washegari za ku ji wasu samarin unguwar GRA suna magana da ƙyar. Murya ta dishe, maƙogwaro yana zafi, kai yana sarawa. Haka yakan faru ga wanda ya ɗaga buhun masara shi kaɗai, ko ɗalibin da ya yi gudu cikin rana. Yawancin irin wannan ciwo hutu ne maganinsa. Amma akwai wanda ba ya jira, kuma wajibi ne ku iya bambance su.

Mu fara da kalmomi, domin Bahaushe ba ya kiran kowane ciwo da suna ɗaya. "Ciwo" ita ce babbar kalma. "Raɗaɗi" shi ne zafi irin na barkono a kan rauni. "Zogi" yana zuwa yana komawa kamar bugun zuciya. Shi kuwa kai, idan ciwonsa ya tsananta, cewa ake yi "kaina yana sarawa", wato kamar ana saransa da gatari. Ku riƙe waɗannan da kyau, domin da su likita yake fara gane abin da ke damun mara lafiya.

A cikin maƙoshi akwai tantani guda biyu da ake kira igiyoyin murya. Iskar da ke fitowa daga huhu ita ke kaɗa su, sauti ya fita. Idan mutum ya daɗe yana ihu, sai su riƙa bugun juna da ƙarfi har su kumbura. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana ƙara busar da wurin. Ciwon kai kuma yakan biyo bayan yunƙuri: mai ɗaga kaya yana riƙe numfashi, jini ya matsa wa jijiyoyin kai, musamman idan akwai zafin rana da ƙishirwa. Irin wannan yakan ɗauki minti 5 ko fiye, ba ya wuce kwana 2.

To, me ya haɗa harshe da wannan? A Hausa kalmar "jijiya" tana nufin hanyar jini, tana kuma nufin zaren da ke kai saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ta biyun muke nufi a nan. Jijiyoyin saƙo 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kowane gefe. Ta tara a cikinsu ita ke kula da tushen harshe da maƙogwaro da wani sashe na kunne. Shi ya sa ciwon wuri ɗaya yakan bayyana a sauran. A shekarar 1980, likitoci biyu a Ostareliya, James Lance da Michael Anthony, sun yi bayanin wani ciwo da ke zuwa idan mutum ya juya wuya da sauri: ƙeya ta yi zafi, rabin harshe ya mutu na ɗan lokaci, sannan ya saki.

Idan ciwon mai sauƙi ne, ku huta a inuwa, ku sha ruwa sosai. Ku zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ku kurkure maƙogwaro da shi, kada ku haɗiye. Zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi suna sanyaya wurin. Ku rage magana, kuma kada ku koma yin raɗa, domin raɗa ma tana gajiyar da igiyoyin murya. Idan murya ta yi mako 3 ba ta dawo ba, sai a ga likita.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani: a ƙasar Hausa, idan maƙogwaro ya dami mutum, akan ce beli ne, a kira wanzami ya cire. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a can cikin baki. Wanzanci sana'a ce mai daraja da tarihi, amma a ganina wannan aiki nasu bai kamata a ci gaba da shi ba. Kowa da beli aka haife shi. Yanke shi ba ya warkar da muryar da ihu ya gajiyar, kuma yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Ga ciwon da ba ya jira. Idan kai ya sara farat ɗaya kamar faɗuwar tsawa, ya kai matuƙa cikin minti 1, mai yiwuwa jijiyar jini ce ta fashe a cikin kai. Haka nan idan baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya suka mutu. Idan kuwa ga zazzaɓi ga wuya ya sanƙare, a yi tsoron sanƙarau, cutar da ta kashe mutane fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996. Wannan ba lokacin zuwa kemis ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba. A sanar da babba nan take, a nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko asibiti mafi kusa. A gaya wa likita lokacin da ciwon ya fara, da aikin da mara lafiya yake yi sa'ad da ya fara.

Aikin Aji

1. Mene ne bambancin "raɗaɗi" da "zogi"? Ku sa kowace kalma a cikin jimla.
2. Waɗanne ma'anoni biyu kalmar "jijiya" take da su?
3. Me ya sa marubucin bai yarda da cire beli ba? Ku kuna ganin haka ne?
4. Ku tashi biyu-biyu, ɗaya likita, ɗaya mara lafiya. Likita ya fara da cewa: "Sannu. Yaushe ciwon ya fara?"