Amsar Tambaya: Shafina na Facebook ba ya kawo ciniki

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Garwa. Na buɗe shafi a Facebook, amma shiru kake ji. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ki fara da hoto. Ki warware atamfar a hasken safiya, zanen da launin su fito sosai, domin fitilar shago tana sauya kala. Ki rubuta farashi da sefa da adadin yadi, kada sai an tambaya.

Garwa ba harshe ɗaya take ji ba, don haka ki yi bayani da Fulatanci da Faransanci da Hausa. Gajeren bidiyo da muryarki zai isa ga wadda ba ta yi boko ba. Ki sa lambar WhatsApp, ki karɓi kuɗi ta Orange Money ko MTN, ki faɗi yadda kike aika kaya Marwa da Ngaundere. Ki riƙa amsa saƙo da wuri, ki kuma yawaita talla gabanin Sallah, tun teloli ba su cika ba.

Abin da kika nuna shi za ki aika. Amana ce ke dawo da mai saye.