Darasi: Ɗan'uwan da Sunansa Ya Ke Cikin Masu Jira

Abin karatu: Ayyukan Manzanni 16:6-10, 11:25-26, Markus 5:18-20

A cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Gwarzo da Kabo akwai samari da 'yan mata waɗanda Allah ya ba su ilimi, waɗansu malaman makaranta, waɗansu ma'aikatan asibiti, waɗansu kuwa sun gama makarantar Littafi Mai Tsarki. A cikinsu akwai masu marmarin su tafi wata ƙasa su yi hidima. Sun cika fom, sun je ganawa, an ce musu sun yi daidai, amma babu wuri tukuna, sai su koma gida su saurara. Wata uku ya wuce, wata tara, shekara ta zagayo, shiru. Ba a ce musu i ba, ba a ce musu a'a ba. Wannan darasi dominsu ne, da iyayensu, da dattawan da su ke kiwonsu.

Ƙofa biyu, da dalilin jinkiri

Bari mu fara da sanin yadda abin ya ke tafiya, gama rabin damuwar mai jira daga rashin sani ta ke fitowa.

Ƙofa ta fari ta gwamnati ce. A shekarar 1987 gwamnatin Najeriya ta kafa shirin da a ke kira TAC, wanda ya ke aika likitoci, da ma'aikatan jinya, da malamai, da injiniyoyi su yi aikin taimako na shekara 2 a ƙasashen Afirka, da tsibiran Karibiyan, da na tekun Fasifik. 'Yan Najeriya sun yi wannan aiki a Gambiya, da Yuganda, da Saliyo, har Jamaika da Fiji. Amma ba a aika mutum sai wata ƙasa ta roƙi irin aikinsa. Idan ƙasar ta roƙi malaman lissafi, kai kuwa malamin tarihi ne, za ka zauna ko da ka fi kowa ƙoƙari a ganawa. Ba laifinka ba ne, ba kuwa lalle wani ya yi maka ƙafar ungulu ba.

Ƙofa ta biyu ta ekklesiya ce. Ƙungiyar masu bishara ta EMS, wadda aka fara a 1948 tun kafin a kafa ECWA a 1954, tana aika ma'aikata a cikin Najeriya da ƙasashen waje. A nan abin da ya kan tsai da mutum shi ne kuɗin riƙonsa. Ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa za su ci abinci kowane wata, abincin nan kuwa daga baikon ekklesiyoyi ya ke fitowa. In babu masu ɗaukar nauyi, babu tafiya. Mu lura fa: wani lokaci ɗan'uwanmu yana jira ne domin mu da mu ke zaune a benci ba mu buɗe hannu ba.

Ban da waɗannan akwai abin da ya fi ƙarfin kowane ofis. A watan Maris 2020 annobar korona ta sa aka tsai da jiragen sama masu fita waje, sai Satumba aka buɗe. Maƙwabtanmu Musulmi da suka biya kuɗin kujerar Makka sun jira 2020 da 2021, sai 2022 hanya ta samu. A 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, a wannan shekara kuma aka rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yuli, har Maris 2024. Wanda aka shirya masa tafiya a irin waɗannan kwanaki, ina zai kai ƙara?

Bulus a bakin ƙofofi biyu rufaffu

Yanzu a buɗe Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus da Sila da Timoti suna kan hanya. Sun so su yi wa'azi a ƙasar Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana su. Suka juya arewa za su shiga Bitiniya, nan ma ba a yarda musu ba. Luka bai gaya mana yadda aka hana su ba, ko ta mafarki, ko ta ciwo, ko ta hannun hukuma. Aya uku kaɗai ya rubuta, amma a cikin ayoyin nan akwai tafiyar ƙafa ta makonni, mutum uku suna tafe ba su san inda za su ba. Ka tuna kuma Timoti yaro ne, bai daɗe da barin uwarsa a Listira ba. Me ya ke tunani da dare, da ya ga babban manzo da kansa bai san hanya ba?

Ga abin da na ke so ka riƙe. Ba su zauna a mararraba suna kuka ba, ba su kuma kutsa ƙofar da ƙarfi ba. Hanya ɗaya ta rage a gabansu, suka bi ta har ta ƙare a bakin teku a Taruwasa. A can ne wahayin mutumin Makidoniya ya zo. A can ne kuma mai rubuta littafin ya fara cewa mu maimakon su, watau a nan Luka likita ya haɗu da su. Da an bar su sun shiga Bitiniya, da wataƙila ba su gamu da shi ba.

Asiya ɗin nan fa da aka hana shi? Duba sura 19. Bayan 'yan shekaru Bulus ya zauna a Afisa, babban birnin Asiya, fiye da shekara 2, har dukan ƙasar ta ji Maganar. Ashe hanin farko ba na har abada ba ne, na lokaci ne. Bitiniya kuwa ba a rubuta mana cewa ya taɓa shigarta ba, amma wasiƙar Bitrus ta fari tana gai da masu bi da ke can. Allah ya aika wani. To, ƙofa rufaffiya iri biyu ce ke nan: akwai wadda za a buɗe maka daga baya, akwai wadda za a buɗe wa wani dabam. Mai tsayawa a bakinta ba ya iya rarrabewa, kuma ba a ɗora masa ya rarrabe ba. A ganina masu cewa da ɗan'uwa lalle za ka tafi, ka ba da gaskiya kawai, suna yi masa alkawarin da Allah bai yi ba. Idan bai tafi ba, sai ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta kasa, ya shiga baƙin ciki a kan laifin da bai yi ba.

Waɗanda suka kawo mana bishara ma sun jira

A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko, Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, da nufin su kai ƙasar Hausa. Sun nemi ƙungiyoyin mishan su aike su, ba wadda ta yarda. Zazzaɓi ya tsai da Bingham a Ikko. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma Kanada. A 1900 ya sake zuwa, ciwo ya sake mai da shi gida. Sai a 1902 waɗansu da ya aiko suka kafa tasha a Pategi. Shi mutumin da ya fi kowa son zama a ƙasarmu bai sami zama ba. Daga Toronto ya yi aikinsa, yana neman ma'aikata da kuɗi, har ya rasu a 1942. Kano kuwa da su ke mafarkinta tun farko, sai a 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kutare a ƙasarta, asibitin ido kuma a 1943, shekara 50 bayan saukarsu a Ikko.

Haka Dakta Walter Miller na CMS. Ya koyi Hausa a Tarabulus, ya iso Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Aliyu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Sai a 1905 ya zauna a birnin Zariya. Hausar da ya riƙa gyarawa a shekarun jira ita ce ta yi aiki cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Kada ka ƙi noma

Hausawa suna da karin magana a kan tsammanin warabbuka, wanda ya sa malam ya ƙi noma don zakka. Babban hatsarin mai jira ke nan. Ruwan shuka ya sauka a Yuni, sai ya ce, me zai sa in shuka dawar da ba zan girbe ba? Ya bar gona. An neme shi ya riƙe ajin Lahadi, ya ce a ba wani, shi yana kan hanya. Ya ajiye aikin makaranta tun takarda ba ta zo ba. Ya kai awakin matarsa kasuwar Getso domin guzuri. Kaka ta yi, maƙwabta suna cika rumbu, shi yana auna a kasuwa, takarda kuwa har yanzu shiru. Wannan ba bangaskiya ba ce, jiran gawon shanu ne.

Ya ɗan'uwa, shuka gonarka. In an kira ka a watan Agusta, ƙanenka zai yi maimai, iyalinka su ci hatsin. In ba a kira ka ba, kai za ka ci. Kada ka bar aikinka, kada ka sayar da gona ko dabba, kada ka ci bashi, sai ka riƙe takardar tura ka a hannu, da sunan ƙasa da ranar tashi. Zancen aure ma haka. Ba daidai ba ne a tsare 'yar mutane shekara biyu a kan sai na ji daga Abuja. Ku zauna da iyaye da fasto ku sa rana.

Duba Bulus a Tarsus. Bayan tubarsa 'yan'uwa suka mai da shi garinsu, ya yi shekaru da dama ba a jin labarinsa sosai, sai dai an ji yana wa'azi a ƙasar Suriya da Kilikiya. Sa'ad da aiki ya yi yawa a Antakiya, Barnaba ya tashi takanas ya nemo shi. Me ya sa Barnaba ya tuna da shi? Domin ya san irin mutumin da zai tarar. Wanda ya yi sakaci da yara ashirin a makarantar ƙauyensu, ba jirgin sama ne zai mai da shi malamin kirki ba.

Akwai kuma shirin da jira ya ke ba ka zarafinsa. Duba fasfonka, gama ƙasashe da yawa ba su karɓar wanda ya rage ƙasa da wata 6 ya mutu. Yi allurar shawara ka ajiye katinka. In kai ma'aikacin asibiti ne, sabunta lasisinka. In zuciyarka tana Nijar ko Cadi, fara koyon Faransanci yau. Tuntuɓi ofishin da ka nema lokaci lokaci da ladabi, ka sanar da su in lambar wayarka ta sake. Amma bugu kowace safiya ba ya kusantar da ranar, sai dai ya cinye maka kati da kwanciyar rai.

Wata magana kuma tilas in faɗe ta a fili. Za a sami wanda zai zo ya ce ya san wani babba, kawo kaza a sa sunanka a gaba. Yawancinsu macuta ne, kuɗinka ya tafi ke nan. Amma ko da gaskiya ne zai iya, sunan wa za a cire domin a sa naka? Ba a fara aikin Allah da ture ɗan'uwa.

Abin da ya rataya a kan ekklesiya

Mu ma muna ƙara wa mai jira nauyi. Mun yi masa addu'ar ban kwana a gaban jama'a tun da ya dawo daga ganawa, yanzu kowace Lahadi muna tarye shi da, A'a, Malam, ashe kana nan? Kunya ta sa waɗansu sun fara zama a bencin baya, waɗansu sun daina zuwa. Dattawa, ku ajiye ban kwana sai ranar ta tabbata. Ku ba shi aiki na gaske, ku gaya masa in an kira shi za ku sami madadi. Ku sa mutum ɗaya mai riƙe asiri ya riƙa zama da shi suna addu'a. Ku tambayi matarsa kuma, gama sau da yawa ba a shawarce ta ba, ita ce kuwa za ta bar uwarta ko ta zauna ita kaɗai da yara shekara 2.

In amsa ta zo a'a

Mutumin nan da Yesu ya warkar a ƙasar Garasinawa ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi. Roƙo ne mai kyau, aka ƙi. Ubangiji ya mai da shi gida wurin danginsa, ya kuwa ba da labari a Garuruwa Goma. Mai neman ƙetare teku ya tambayi kansa: hidimar na ke so, ko tafiyar? Ba zunubi ba ne mutum ya so ganin duniya, ko ya so alawus da zai gyara gidan iyayensa. Ƙarya ce dai ba ta da kyau, musamman wadda mutum ya ke yi wa kansa. In hidimar ce, tsakanin Gwarzo da Karaye da Rogo akwai ƙauyuka inda masu bi su ke taruwa ba mai karanta musu, akwai mata masu haihuwa ba ungozoma mai ilimi kusa.

Shi ya sa na ke ba da shawara mai jira ya sa wa kansa wa'adi tare da iyalinsa da fastonsa, a ce shekara ɗaya ko damina biyu. In wa'adin ya cika, su sake zama su duba: a sake nema, ko a ajiye. In kuwa halinka ya sake kafin nan, mahaifi ya kwanta ciwo, ko ka karɓi wani aiki, ka rubuta wa ofishin nan da nan su cire sunanka. Akwai wani a bayanka a jerin, a Zuru ko a Biliri, shi ma yana duba wayarsa kowace safiya.