Idan Kamfanin Da Kake Wa Aiki Ya Fara Tangal-Tangal



Matasanmu da yawa yanzu suna aiki a sababbin kamfanonin fasaha, masu haɗa manhaja da harkar tura kuɗi ta waya. Irin wannan kamfani galibi ba da ribarsa yake biyan albashi ba, da kuɗin masu zuba jari yake biya. Ranar da suka janye hannu, toh sai a fara lissafin watannin da suka rage. Haka ta faru a 2022 da babban bankin Amurka ya yi ta ƙara kuɗin ruwa, jari ya ja baya. A Najeriya, kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 ya tara jarin dala miliyan 45, amma ya sallami ma'aikata a 2022, a 2023 kuma ya kama hanyar rufewa.

Idan ka tsinci kanka a nan, riƙe abu uku.

Na farko, albashinka bashi ne a wuyan mai kamfani. Idan da gaske babu, Musulunci ya ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri. Amma wanda yake da shi yana ja maka rai, zalunci yake yi. Ka nemi a rubuta abin da kake bi da ranar biya.

Na biyu, alƙawarin hannun jari a madadin albashi. Malamai sun sharɗanta ladan aiki ya zama sananne. Kuma idan kamfani ya rushe, masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari sai abin da ya yi saura, sau da yawa kuma babu. Kada ka ɗora cefanen iyalinka a kansa.

Na uku shi ne mafi haɗari. Kamfanin da ya matsu yana iya cewa ka ƙara yawan masu amfani da manhaja a rahoto, don masu jari su saki kuɗi. Wannan ha'inci ne, kuma "oga ne ya sa ni" ba za ta wanke ka ba. Dubi Theranos a Amurka: sun yi iƙirarin na'urarsu tana gwaje-gwaje masu yawa da ɗigon jini, alhali ba ta iya ba. Ƙananan ma'aikata irin su Erika Cheung ne suka fallasa. An rufe kamfanin a 2018, shugabarsa Elizabeth Holmes aka yanke mata ɗaurin sama da shekara 11 a 2022.

Don haka muddin kana ciki, ka yi aikin tsakani da Allah. Neman wani aikin ba cin amana ba ne fa, sai dai ka ba da sanarwa yadda kuka yi yarjejeniya, kuma kada ka tafi da bayanan abokan hulɗarsu.

Allah ya ba mu halal mai albarka. Wallahu a'alam.