Darasi na 14: Matafiyi da Takardar Inshora

Ɗalibi, a ce an gayyace ka hutu a Jamus, ko kuma za ka raka kawunka Kwatano sarin kaya. Fasfo da kuɗin mota su ne za su fara zuwa maka a rai. Amma in rashin lafiya ta kama ka a can, wa zai biya kuɗin asibiti?

A nan ne inshora take da amfani. Inshora yarjejeniya ce: ka biya kamfani kuɗi kaɗan kafin ka tashi, shi kuma ya ɗauki nauyin asarar da aka ambata a takarda. Jamus da Faransa da sauran ƙasashen yankin Shengen ba sa ba da bizar gajeriyar ziyara sai ka nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, wadda ta haɗa da kuɗin dawo da majinyaci gida.

Kada ka sa hannu sai ka karanta takardar duka, har da ƙananan rubutun da ido yake ƙyuyar bi. Duba ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare. In kana da tsohon ciwo, kamar asma ko ciwon sukari, ka faɗa tun farko. Wanda ya ɓoye, kamfani yana iya ƙin biyansa. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da rajista da NAICOM, hukumar da take kula da inshora a Nijeriya.

Mai tafiya Benin ko Togo ko Gana da motarsa yana buƙatar katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wanda aka kafa tsarinsa a 1982. Ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ban da gyaran motarka.

Ka riƙe katin rigakafin shawara, ka bar kwafin fasfonka a gida. Kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba a filin jirgi, komai roƙonsa. A ƙasashen Tarayyar Turai, lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Tambayoyi
1. Mece ce inshora?
2. Me zai iya faruwa ga wanda ya ɓoye ciwonsa?
3. Wace irin asara Brown Card yake biya?

Aiki
Rubuta wa ƙanwarka wasiƙa, ka ba ta shawara a kan tafiyarta ta farko zuwa Gana.